Giya Mai Hof da Yistin Daji: Hanyar Orval, Brett Zalla, ko Lambik?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai dafa burukutu ya san cewa giya ba ta jiran yistin kanti kafin ta tashi. Ana jiƙa dawa ta tsira, a shanya ta, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, sannan a zuba mata ragowar tsohuwar giya ko a bar abin da ke manne a jikin tukunya ya yi aikinsa, cikin 'yan kwanaki kuma ta nuna. Idan ba a shanye ta da wuri ba sai tsami ya cinye ta. Abin da masu giya a Beljiyam da Amurka suke kira giyar yistin daji dangin wannan ne ta wajen asali, sai dai sun haɗa ta da wani abu da burukutu ba ta da shi, wato hof. Bayanin nan na manya ne waɗanda addininsu da dokar inda suke zaune suka ba su damar sha ko haɗawa, domin a jihohin arewacin Najeriya da ke bin shari'a doka ta hana duka biyun.

Hof fure ne na wata shuka mai yaɗo da ake nomawa a ƙasashen da yini ke yin tsawo sosai a lokacin zafi, irin su Jamus da Cek da arewa maso yammacin Amurka. Idan aka tafasa shi a ruwan tsiro, wato ruwan zaƙi na hatsin da aka tsirar, sai ya ba giya ɗaci, idan kuma aka zuba shi a sanyi bayan giyar ta tashi sai ya ba ta ƙamshi. Wahalar da ke cikin wannan haɗi gaba ɗaya ita ce hof da yistin daji ba sa tafiya da sauri ɗaya. Ƙamshin hof yana kan ganiyarsa a makonnin farko, bayan 'yan watanni kuma ya fara dusashewa, shi kuwa yistin dajin da aka fi amfani da shi, Brettanomyces, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa su ce Brett, tafiyar hawainiya yake yi, har yakan kai wata shida ko shekara kafin halinsa ya gama bayyana. Hanyoyi uku ne aka fi bi wajen sasanta su, kowace kuma tana da abin da take sadaukarwa.

Masanin da ya raɗa wa Brett suna shi ne Niels Hjelte Claussen na kamfanin Carlsberg a Danmak, wanda a 1904 ya bayyana cewa wannan ƙwayar ce take ba tsofaffin giyoyin Ingila ɗanɗanon da aka san su da shi, ma'anar sunan ma ita ce naman gwarin Birtaniya. Bambancinsa da yistin giya na yau da kullum, Saccharomyces, shi ne yana iya cin dogayen sukarin da wancan yake bari, don haka giyar da ya zauna a cikinta takan bushe, zaƙinta ya tafi kusan ƙarƙaf. Yana kuma samar da sinadarai biyu da ake gane shi da su: ɗaya yana kawo warin barga da tsohon sirdi, ɗayan kuma yana kawo ƙauri da ƙamshin kanumfari. A wani yanayin yakan ba da ƙamshin abarba da mangwaro. Mutane da yawa suna ɗauka shi ne yake sa giya tsami, amma galibin tsamin da ake ji a irin waɗannan giyoyi aikin ƙwayoyin bakteriya ne, Lactobacillus da Pediococcus. Brett ba ya kawo tsami mai yawa sai idan ya sami iskar oksijin, a nan ne yake samar da tsamin khal, wato binega, wanda ba kowa ne yake nemansa ba.

Hanya ta farko ita ce a bar yisti na yau da kullum ya yi babban aiki, sannan a saka Brett daga baya. Uwar wannan hanya ita ce giyar Orval, wadda ake yi a gidan sufayen Kirista na ɗariƙar Trappist a kudu maso gabashin Beljiyam, kusa da iyakar Faransa, tun 1931. Ƙarfinta kashi 6.2 cikin ɗari ne a rubuce, ana zuba mata hof a sanyi na tsawon makonni biyu zuwa uku, ana kuma rufe ta a kwalba da ɗan sukari da yisti mai rai, Brett a cikinsa, ta yadda za ta ci gaba da sauyawa a cikin kwalbar. A jikin takardar kwalbar akwai ranar da aka ɗura ta da kuma wa'adi na shekara biyar, kuma ranar ɗurawar ce mai saye ya kamata ya fara dubawa.

Na taɓa ajiye kwalabe biyu a kan tebur ɗaya, guda mai wata biyu, guda mai shekara biyu da 'yan kai. Sabuwar ta fito da kumfa mai kauri, launinta na jan ƙarfe mai haske, hanci yana kusantar kofin sai ƙamshin ɗanyen ganye da ɓawon lemo ya tarbe shi, ɗacinta kuma a tsaye yake, yana daɗewa a bayan harshe. Tsohuwar kuwa tun wajen buɗe murfi ta nuna ta fi iska, na zuba ta a hankali amma duk da haka kumfa ta nemi ta haura bakin kofi. Ƙamshin ganyen ya tafi, abin da ya maye gurbinsa shi ne warin fatar da aka jeme da ɗan tsami irin na busasshen lemo, kuma a baki ta bushe har tana ɗan barin bauri. Wanda bai ga kwalaben ba zai rantse giya biyu ce daga gida biyu. Wannan shi ne amfanin hanyar da kuma aibinta: mai sha yana samun hof a farko, Brett a ƙarshe, amma lokacin da suke haɗuwa su yi daidai gajere ne, a ganina tsakanin wata shida zuwa shekara. Wasu gidajen shan giya a Beljiyam suna sayar da sabuwa da tsohuwa dabam dabam saboda wannan dalili. Akwai giyoyi da suka bi sawunta, irin su Matilda ta kamfanin Goose Island a Chicago, da Bruxellensis ta Brasserie de la Senne a Brasels, da Enjoy After da kamfanin Stone a Kalifoniya ya taɓa yi, wadda sunanta ma yana gaya wa mai saye ya ajiye ta zuwa wani lokaci kafin ya buɗe.

Ga mai haɗawa a gida, wannan hanya tana da sauƙin farawa, domin Brett kaɗan ya isa. Wasu ma ba sa sayen komai: sukan zuba Orval a kofi a hankali, su bar guggubin da ke ƙasan kwalbar, su karkaɗa shi su juye a cikin giyarsu, kuma guggubin kwalabe biyu sababbi yakan wadatar da lita 20. Haɗarin yana wajen ɗurawa a kwalba. Ana auna nauyin giya da haidiromita, inda ruwa zalla yake nuna 1.000, giyar da yisti na yau da kullum ya gama da ita kuma takan tsaya a wajen 1.010 zuwa 1.012. Brett zai iya sauke ta zuwa 1.002 ko ƙasa da haka, kuma duk maki ɗaya, wato 0.001, da ya ci a cikin rufaffiyar kwalba yana ƙara iskar gas da ta kai kusan rabin yawan giyar. Ke nan idan aka rufe ta a 1.010 ta sauka zuwa 1.002, an ƙara mata iska ninki huɗu a kan wadda sukarin ɗurawa ya riga ya bayar, alhali kwalbar giya ta yau da kullum ba a yi ta don ta ɗauki fiye da wajen ninki uku ba.

Ni da kaina na koyi wannan lissafi ta hanyar da ba ta da daɗi. Na ɗura wata giya a 1.009 bayan sati uku da saka mata Brett, saboda kwana huɗu a jere awon bai motsa ba, na jera kwalaben a kwali a ƙasan kabad. Bayan wata uku, da tsakar dare, na ji ƙara kamar an harba bindiga a kicin. Kwalabe biyu ne suka tarwatse, gutsuren gilashi ya huda kwalin ya kafe a jikin ƙofar kabad ɗin, sauran kuma sai da na sa safar hannu da tabarau na kai su firij ɗaya bayan ɗaya kafin na buɗe su a cikin bokiti. Kwana huɗu ba komai ba ne a wajen Brett. Abin da ya dace shi ne a jira awon ya tsaya cik na tsawon wata guda aƙalla, ko kuma a yi amfani da kwalabe masu kauri irin na shamfen, a rage sukarin ɗurawa gwargwadon makin da ake tsammanin zai ci. Wanda ya zaɓi jira ya ajiye hof ɗin sanyi zuwa makon ƙarshe kafin ɗurawa, domin zuba shi tun farko asarar kuɗi ce kawai.

Hanya ta biyu ita ce a ba Brett aikin gaba ɗaya shi kaɗai, ba tare da wani yisti ba. Wannan sabuwar dabara ce idan aka kwatanta da ta Orval, kuma a Amurka ta bunƙasa. Kamfanin Russian River ya yi giyar Sanctification a kan wannan tsari, sannan Chad Yakobson, wanda ya yi binciken digirinsa na biyu a kan Brett a jami'ar Heriot-Watt ta Edinbara, ya kafa kamfanin Crooked Stave a jihar Kolorado a 2010, inda ya fitar da giyar Hop Savant mai Brett zalla da hof mai yawa. Abin mamaki shi ne giyar da aka yi haka ba ta cika warin barga ba. Idan Brett ya sami sukari a yalwace tun daga farko, ya kuma rasa sinadaran da wasu nau'o'in yistin Beljiyam suke bar masa ya sarrafa, sai ya karkata ga ƙamshin 'ya'yan itace, wanda yake dacewa da hof na zamani irin su Citra da Mosaic da Galaxy kamar an yi su don juna. Aikin yakan kammala cikin sati uku zuwa shida, don haka ana iya shan giyar hof ɗinta yana da rai. Ƙari a kan haka, tun da Brett yana ci gaba da zuƙe ɗan oksijin da ya shiga kwalba, ƙamshin hof yakan ɗan fi daɗewa fiye da yadda yake yi a giyar da ba ta da shi.

Wahalarta a shiri take. Kwalbar Brett da ake sayarwa galibi an auna ta ne don hanyar farko, ƙwayoyin da ke ciki ba su isa su ɗauki lita 20 su kaɗai ba, sai an raina su a lita ɗaya zuwa biyu na ruwan tsiro na wajen mako guda kafin ranar dafawa. Na biyu, Brett ba ya samar da gilisarin sosai, sinadarin da yake ba giya ɗan kauri a baki, saboda haka takan fito tsararo, kuma idan aka haɗa rashin jiki da ɗaci mai yawa sai ta zama kamar ruwan shuwaka. Maganin shi ne a saka alkama ko hatsin ots kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na hatsin, a rage hof ɗin tafasa, a mayar da yawancinsa ƙarshen dafuwa da kuma zubin sanyi, wajen giram 100 zuwa 150 a lita 20. Akwai kuma wani ɗanɗano mai kama da gasasshen hatsi ko warin ɓera da yakan bayyana a bayan harshe jim kaɗan bayan ɗurawa, yawanci idan iska ta shiga, amma yakan gushe idan aka ba kwalaben wata biyu zuwa uku.

A kula da suna wajen saye. Shekaru da dama masu haɗawa a gida suna yabon wani nau'i na kamfanin White Labs mai lamba WLP644, wanda ake kira Trois, a matsayin Brett mafi dacewa da giya mai hof, har binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa Saccharomyces ne, kamfanin kuma ya sauya masa suna. Har yanzu yisti ne mai kyau, yana ba da mangwaro da abarba cikin sauri, sai dai wanda ya yi amfani da shi bai yi giyar Brett ba. Mai neman na ainihi ya duba WLP648, ko WLP645 mai sauƙin hali, ko kuma WLP650 da Wyeast 5112 idan warin barga yake so.

Hanya ta uku ita ce ta lambik, kuma ita ce ta fi kusa da tukunyar burukutu, domin ba a zuba yisti ko kaɗan. A Brasels da yankin Pajottenland na Beljiyam ana dafa tsiron sha'ir da ɗanyar alkama wajen kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, a juye ruwan a wani faffaɗan kasko marar zurfi ya kwana a buɗe, sannan a ɗura a gangunan katako ya yi shekara ɗaya zuwa uku. Hof ɗin da ake saka wa lambik tsoho ne da aka ajiye shekaru har ɗacinsa da ƙamshinsa suka ragu, don ana buƙatarsa ne kawai ya hana wasu ƙwayoyi yin yawa. Saboda haka lambik a asalinta giya ce mai tsami, ba mai hof ba. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a unguwar Anderlecht ta Brasels a 1900, shi ne ya yi fice wajen haɗa biyun: a 1998 ya fitar da Iris, wadda ake yi da tsiron sha'ir zalla da rabin hof sabo rabi tsoho, a bar ta shekara biyu a ganga, sannan a ƙara mata sabon hof a sanyi dab da ɗurawa. Wannan ita ce giyar da ta fi zurfi a cikin ukun, ita ce kuma ta fi tsada da wuyar samu.

Ban ba mai farawa shawarar gwada wannan a gida ba. Masu lambik ba sa dafawa sai daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da dare yake sanyi ƙwarai, don a cikin zafi ƙwayoyin da ba a so su suke rinjaye. A makonnin farko irin wannan ruwa yakan ɗauki bakteriya masu cutarwa, bai kamata a ɗanɗana shi ba sai ya yi aƙalla wata guda, tsami da ƙarfin giya sun kama shi, kuma duk wanda ya yi funfuna mai launi zubarwa ake yi. Su kansu ƙwararrun sukan zubar da gangar da ta lalace, su gauraya sauran don su sami daidaito, shi kuwa mai tulu ɗaya idan nasa ya ɓaci bayan shekara biyu ba shi da abin gaurayawa.

Akwai wani abu da ya shafi hanyoyin duka, wato ɗaci da tsami ba sa jituwa, a cikin tulu da kuma a baki. Sinadarin ɗacin hof yana danne Lactobacillus, yawancin nau'o'insa ma sukan kasa aiki da zarar ɗaci ya haura maki 10 a ma'aunin IBU, alhali Brett bai damu da shi ba. Wanda yake son giya mai ɗaci sosai, maki 40 ko sama, ya tsaya ga Brett ya manta da tsami. Wanda kuma yake son tsami tare da ƙamshin hof ya bar tafasa hof kusan gaba ɗaya, ya jira tsamin ya kama, sannan ya zuba hof a sanyi.

Sai batun kaya da yanayi. Brett yana maƙalewa a ƙananan karce na roba, wanki ba ya fitar da shi gaba ɗaya, saboda haka bokiti da tiyo da duk abin roba da ya taɓa shi a ware su, a sa musu alama, kada su koma ga giya ta yau da kullum. Gilashi da ƙarfe marar tsatsa suna wankuwa. Ga dogon ajiya tulun gilashi mai ƙaramin wuya ya fi bokiti, a cika shi har kusa da wuya, a riƙa duba ruwan makullin iska, ɗan abin da ake sawa a bakin tulu ya fitar da gas ya hana iska shiga, kada ya ƙafe, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa. Brett yana aiki lafiya tsakanin digiri 20 zuwa 27 na ma'aunin Salsiyas, wanda ya fi abin da yistin Turai da yawa suke jurewa, amma ɗakin da ke haura digiri 30 tsawon watanni yana gaggauta tsamin khal ya kuma tsufar da hof. Ga mai zama a ƙasa mai zafi inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa ya karkatar da zaɓi zuwa Brett zalla, domin riƙe sanyi na sati biyar ta hanyar tsoma tulu a baho da jiƙaƙƙen tsumma abu ne mai yiwuwa, riƙe shi na wata takwas kuwa wani aiki ne dabam. Idan ma ƙamshin 'ya'yan itace kawai ake nema a cikin zafi, yistin kveik na manoman Norwe yana aiki tsakanin digiri 30 zuwa 40 ya gama cikin 'yan kwanaki, ko da yake shi ba na daji ba ne, yistin gida ne da aka gada kaka da kakanni.

Ga mai sha wanda bai taɓa gwada ko ɗaya ba, Orval ce mafari mafi hikima, saboda ta fi sauƙin samu da araha, kuma ita kaɗai za ta nuna masa ɓangarorin biyu. Ya sayi huɗu masu rana ɗaya, ya sha guda yanzu, guda bayan wata shida, guda bayan shekara, ya manta da ta huɗun a wuri mai duhu da sanyi, a tsaye. Kada ya sha ta da sanyin ƙanƙara, digiri 12 zuwa 14 ya fi fito da ita. Idan sabuwar ce ta fi masa daɗi, giyoyin Brett zalla na Amurka ne layinsa, kuma ya riƙa sayensu da ɗanyensu. Idan tsohuwar ce ta kama shi, to kuɗin da zai kashe a kan Iris ba zai zama asara ba.

Ga mai haɗawa, ni zan fara da dafuwa ɗaya ta lita 20 a nauyin 1.050, in raba ta tulu biyu. Rabi in ba Brett ɗin da na raina shi kaɗai, in zuba masa giram 60 na hof a sati na biyar, in ɗura bayan kwana huɗu idan awo ya tsaya. Ɗaya rabin in ba shi yistin Beljiyam na yau da kullum, bayan sati biyu in juye masa guggubin Orval, in rubuta ranar a jikin tulun, kada in sake taɓa shi sai don duba makullin iska, har wata na shida ya cika.